Tambaya a Filin Miƙa Wuya: Nazarin Alaƙar Imani da Tambaya Daga Darussan Arfa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata matsala da ta daɗe tana kai kawo tsakanin malamai da almajirai, wato ko mumini yana da damar ya yi tambaya game da ayyukan Ubangijinsa da hukunce-hukuncen addini ba tare da imaninsa ya sami tawaya ba. An ɗauki filin Arfa a matsayin madubin nazari, saboda a nan ne miƙa wuya ya fi bayyana, kuma a nan ne aka yi wasu daga cikin sanannun tambayoyi a Hajjin Bankwana. An bi ayoyin Alƙur'ani, da ruwayoyin hadisi, da maganganun malaman usulu, da kuma matsayar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Nazarin ya gano cewa lafazin tambaya shi kaɗai ba ya zama ma'aunin imani ko rashinsa. Abin da ake aunawa shi ne manufar mai tambaya, da halin da yake shiga idan amsa ta yi jinkiri ko ta saɓa wa son ransa.

Muhimman kalmomi: Arfa, tambaya, imani, ta'abbudi, hikimar shari'a, ƙaddara

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana cewa matambayi ba ya ɓata, yana kuma cewa tambaya rabin ilimi. Amma Bahaushen nan, da zarar yaro ya ce "don me Allah ya yi kaza?", sai ya yi maza ya rufe masa baki da a'uziyya. Waɗannan halaye biyu suna zaune a gida ɗaya, kuma kowannensu yana da hujjar da yake kafawa daga addini. Mai ƙarfafa tambaya yana nuni da umarnin da ya zo a Suratun Nahli (16:43) na a tambayi ma'abota sani. Mai tsoronta kuma yana nuni da Suratul Anbiya (21:23), inda aka bayyana cewa Allah ba a tuhumarsa a kan abin da ya aikata, bayi ne ake tuhuma.

A yau matsalar ta ƙara tsananta. Matasa suna cin karo da shubuhohi a intanet waɗanda iyayensu ba su taɓa ji ba, kuma da yawansu idan suka kawo tambaya zaure sai a sallame su da zargi. Wanda aka kora da tambayarsa a baki ba ya daina tambaya. Wurin da zai kai ta kawai yake sauyawa. Saboda haka tantance iyakar wannan lamari ya zama wajibi ga masu ilimi.

2.0 Arfa a Taƙaice

Arfa fili ne da ke da nisan kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da Makka, kuma yana wajen iyakar Harami. A ranar 9 ga Zulhajji mahajjata suke taruwa a cikinsa daga gushewar rana zuwa faɗuwarta. Wanda ya rasa tsayuwar Arfa ya rasa hajjin wannan shekara baki ɗaya, babu fidiyar da za ta maye gurbinta. Abin lura shi ne babu Ka'aba a wurin, babu ɗawafi, babu wani aiki na musamman da aka shar'anta in ban da kasancewa a cikin iyakar filin, da addu'a da zikiri. Hatta hawa dutsen da ake kira Jabalur Rahma ba sharaɗi ba ne. Kwarin Urana da ke gefen filin ba ya cikin Arfa, shi ya sa sashen gaba na Masallacin Namira yake wajen iyaka, kuma wanda ya wuni a wannan sashe bai tsallaka ba, bai tsaya a Arfa ba.

Hankali kaɗai ba zai iya bayyana dalilin da ya sa taku kaɗan zai raba hajji ingantacce da ɓatacce ba. Wannan ne ya sa Arfa ta dace da nazarin da ake yi a nan.

Malaman tafsiri sun kawo ruwayoyi game da asalin sunan, kuma mafi yawansu suna komawa ga ma'anar sani da ganewa. Wata ruwaya ta ce a nan Annabi Adamu da Hawwa'u suka gane juna. Wata kuma ta ce Mala'ika Jibrilu ne ya nuna wa Annabi Ibrahim (AS) ayyukan hajji, sannan ya tambaye shi ko ya gane. An kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa alƙawarin farko da aka ambata a Suratul A'arafi (7:172), inda Allah ya tambayi zuriyar Adamu game da kasancewarsa Ubangijinsu, an ɗauke shi ne a Na'aman, kwarin da ke daf da Arfa, ko da yake Ibnu Kasir ya rinjayar da cewa maganar ta Ibnu Abbas ce da kansa. Ko wace ruwaya aka ɗauka, an ga cewa tarihin wurin a wajen magabata ya ƙunshi tambaya da amsa.

3.0 Tambayoyin Hajjin Bankwana

Manzon Allah (SAW) ya yi Hajjin Bankwana a shekara ta 10 bayan hijira, wadda ta yi daidai da 632 Miladiyya. Ranar Arfa ta faɗo ne a Juma'a, kuma a wannan yini aka saukar da ayar cikar addini (Ma'ida 5:3), kamar yadda Umar ɗan Haɗɗabi ya shaida wa wani Bayahude a ruwayar Buhari da Muslim. Mai karatu zai yi zaton ranar da addini ya cika ita ce ranar da za a rufe ƙofar tambaya. Ruwayoyin wannan hajji sun nuna akasin haka.

Wasu mutane daga Najadu sun same shi a Arfa suka tambaye shi game da hajji, sai ya sa aka yi shela cewa tsayuwar Arfa ita ce ginshiƙin aikin, kuma wanda ya riske ta kafin alfijirin daren Muzdalifa ya riski hajji. Urwatu ɗan Mudarris, wanda ya taso daga duwatsun Ɗayyi'u ya wahalar da kansa da raƙumarsa, ya tare shi a Muzdalifa yana tambaya ko hajjinsa ya yi. Suraƙatu ɗan Malik ya tambaye shi a Marwa ko shigar umara cikin hajji na wannan shekara ne kawai ko na har abada. Wata mata daga ƙabilar Has'am ta tambaye shi ko za ta iya yi wa tsohon mahaifinta hajji. A Mina kuwa mutane sun yi ta zuwa, wannan ya yi aski kafin yanka, wancan ya yi yanka kafin jifa, yana amsa musu cewa babu laifi. A ranar Arfa kanta mutane sun yi saɓani a kan ko yana azumi, sai Ummul Fadli ta aika masa da ƙwaryar nono, ya sha a kan raƙuminsa kowa yana gani. Ba a ruwaito cewa ya zargi ɗaya daga cikin waɗannan da raunin imani ba, kuma daga amsoshin da suka samu aka gina babban sashe na fiƙihun hajji.

Sai dai akwai wata tambaya game da hajjin da ba ta sami irin wannan karɓuwa ba. Lokacin da ya sanar da wajabcin hajji, wani mutum, wanda ruwayar Ibnu Abbas ta ce Aƙra'u ɗan Habis ne, ya tambaya ko a kowace shekara ne. Manzo ya yi shiru har mutumin ya maimaita sau uku, sannan ya bayyana cewa da ya amsa da "e" da ya wajaba, kuma da ba su iya ba. Ya gargaɗe su cewa yawan tambaya da saɓa wa annabawa ne suka halaka waɗanda suka gabace su. Malaman tafsiri da dama sun ambaci wannan ƙissa cikin dalilan saukar Ma'ida 5:101.

Idan aka kwatanta tambayar Suraƙatu da ta Aƙra'u za a ga kusan siga ɗaya ce, dukkansu a kan lokaci suke. Bambancin shi ne Suraƙatu yana neman fahimtar hukuncin da ya riga ya sauka, shi kuwa Aƙra'u yana tono abin da shari'a ta yi shiru a kansa don sauƙi, a zamanin da wahayi yake sauka, lokacin da amsa za ta iya zama sabon nauyi a kan al'umma duka.

4.0 Rabe-raben Tambaya

Daga waɗannan misalai da makamantansu za a iya kasa tambaya gida huɗu.

4.1 Tambayar Neman Sanin Hukunci

Wannan ita ce tambayar "yaya ake yi?". Babu saɓani a kan halaccinta, hasali ma tana wajaba idan aiki ya dogara da ita. Alƙur'ani ya adana fiye da tambayoyi goma da aka gabatar da sigar "suna tambayar ka", kuma ɗaya daga cikinsu, wadda ta shafi jinjirin wata (Baƙara 2:189), amsarta ta ambaci lokutan hajji. Mudawwana, babban littafin mazhabar Malikiyya, an gina ta ne a kan tambayoyin Sahnun da amsoshin Ibnul Ƙasim. A Afirka ta Yamma ma, tambayoyin da Askiya Muhammadu na Songhai ya yi wa Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili sun zama littafin da masu jihadi suka dogara da shi ƙarnuka uku bayan haka.

4.2 Tambayar Neman Hikima

Wannan ita ce tambayar "don me?", kuma a nan ne tsoro yake farawa. Amma sahabbai sun yi ta. Ya'ala ɗan Umayya ya tambayi Umar dalilin da ya sa ake ci gaba da ƙasaru alhali ayar ta ambaci tsoro, kuma ga shi an sami aminci. Umar ya ce shi ma abin ya taɓa ba shi mamaki har ya tambayi Manzo, aka amsa masa cewa sadaka ce daga Allah, sai a karɓa. Har yau a Arfa ana haɗa Azahar da La'asar a yi musu ƙasaru, kuma Imamu Malik yana ganin hatta mutanen Makka suna yin haka, domin a wajensa dalilin ƙasarun shi ne aikin hajjin kansa. Wannan matsaya ba za ta samu ba sai da wani ya fara tambayar dalili.

Umar ɗin nan ne ya tsaya gaban Hajarul Aswadi ya furta cewa ya san dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma ba don ya ga Manzo ya sumbace shi ba da bai sumbata ba. Ya kuma yi tambaya a kan sassarfa a ɗawafi, wadda aka fara don nuna wa mushirikai ƙarfi, alhali mushirikan sun gushe, sannan ya ce abu ne da Manzo ya yi, ba sa son barinsa. A duka wuraren biyu ya bayyana tambayarsa a fili, bai sami cikakkiyar amsar hankali ba, kuma ya yi aikin.

Malamai sun tsara wannan a ƙa'ida. Imamu Gazali (ya rasu 1111) ya yi bayani a babin sirrin hajji na Ihya'u cewa ayyuka irin su jifa da safa da marwa, tun da rai ba ya samun wani daɗi a cikinsu kuma hankali ba ya gano ma'anarsu kai tsaye, su ne suke fito da cikar bauta, domin babu abin da ke motsa bawa gare su sai umarni. Imamu Shaɗibi (ya rasu 1388) ya kafa a Muwafaƙat cewa asali a ibada shi ne ta'abbudi, asali a mu'amala kuwa shi ne duba dalilai da maslaha. Ya kuma lissafa wurare goma da ake ƙin tambaya a cikinsu, kamar tambayar abin da ba shi da amfani a addini, da tambaya bayan an sami amsar da ta wadatar, da tambayar ƙure. Lissafa wuraren ƙi yana nuna cewa abin da ya saura a kan halacci yake.

4.3 Tambayar Neman Natsuwa

Wani lokaci tambaya takan fito daga zuciyar da ta yi imani amma take cikin damuwa. Annabi Ibrahim (AS), wanda aikin hajji yake bin sawunsa, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake raya matattu (Baƙara 2:260). Da aka tambaye shi ko bai yi imani ba, ya tabbatar da imaninsa, ya ce natsuwar zuciya yake nema, kuma aka nuna masa. A Suratu Hud (11:74-75) an ambaci jayayyarsa a kan mutanen Luɗu, sannan nan take aka yabe shi da haƙuri da yawan komawa ga Allah. Mala'iku sun tambayi dalilin sanya halifa a ƙasa wanda zai yi ɓarna (2:30), ba a kore su ba, aka koya musu. Haulatu 'yar Sa'alaba ta yi jayayya da Manzo a kan hukuncin ziharin da mijinta ya yi mata, ta kai kukanta ga Allah, aka saukar da sura mai sunan jayayyarta. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Umar ya tambayi Manzo don me za su karɓi sharuɗɗan da yake ganin ƙasƙanci ne, kuma bai fita daga sahu ba.

Mafi bayyana a wannan babi shi ne hadisin Muslim, inda wasu sahabbai suka koka cewa suna jin wasu tunane-tunane a ransu da suke ganin girman furta su. Manzo ya shaida musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani.

4.4 Tambayar Ƙin Yarda

Iblis ma ya yi tambaya: don me zai yi sujada ga wanda aka halitta da yumɓu (Isra'i 17:61)? Amma ya riga ya yanke hukunci kafin ya buɗe baki, tambayarsa kariya ce ga girman kai. Mutanen Annabi Musa (AS) sun yi ta tambayar launi da shekarun saniya (2:67-71) don su ja lokaci. Tarihin Arfa ma yana da irin wannan hali, ko da yake a aikace ya fito. Kafin Musulunci Ƙuraishawa da ƙawayensu, waɗanda ake kira Humus, sun ƙi fita Arfa, suna tsayawa a Muzdalifa, bisa hujjar cewa su mutanen Harami ne, bai kamata su fita wajensa ba. Hujjar tana da kamar girmama Harami, amma tushenta fifita kai ne, sai Baƙara 2:199 ta umarce su da su kwararo daga inda sauran mutane suke kwararowa.

Wannan nau'i shi ne ayar Anbiya 21:23 take magana a kai: bawa ya ɗora kansa a kujerar alƙali, ya sa Ubangiji a gaban shari'a, ya ce ba zai bi ba sai an gamsar da shi.

5.0 Matsayar Malaman Ƙasar Hausa

Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Katsina, ta koyar da yin tunani a kan ayoyin Allah da barin kutsawa cikin haƙiƙanin zatinsa, ta kuma hana jayayya da musu a addini. Wannan ya yi daidai da amsar da aka sani daga Imamu Malik a kan tambayar yadda istiwa'i yake. A ɗaya ɓangaren kuma, Ummul Barahin ta Imamu Sanusi (ya rasu 1490) ta ɗora wa baligi nauyin sanin abin da ya wajaba da wanda ya koru da wanda ya halatta ga Allah, kuma a sharhinta an tattauna ko imanin mai kwaikwayo, wanda bai san hujja ba, ya inganta. Ke nan a makaranta ɗaya ana hana wani nau'in bincike ana wajabta wani.

A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754-1817) wasu almajiran ilmul kalami sun wuce iyaka, suna tsare talakawa da tambayoyin tauhidi, duk wanda ya kasa amsawa da salon malaman kalami sai su kafirta shi. Shehu ya yaƙi wannan ra'ayi a rubuce-rubuce masu yawa, ciki har da Hisnul Afham da Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, kuma Muhammadu Bello ya ba da labarin wannan gwagwarmaya a Infaƙul Maisur. Matsayar Shehu ita ce wanda ya furta shahada ya bayyana Musulunci ana yi masa hukunci da zahirinsa, zuciya kuwa a bar wa Mai ita. Wannan ƙa'ida tana aiki ta fuska biyu. Idan ba a kafirta mutum don ya kasa amsa tambaya ba, to babu dalilin kafirta shi don kawai ya yi tambaya.

6.0 Tambayar da ba Allah Ake yi wa ba

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. A ranar 24 ga Satumba 2015, kwana ɗaya bayan tsayuwar Arfa, an yi turmutsitsi a Mina. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 suka rasu, lissafin da ƙasashe suka fitar kuwa ya haura 2,000, kuma cikin 'yan Nijeriya da suka rasu har da Farfesa Tijjani El-Miskin da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf. A hajjin 2024 kuma Saudiyya ta sanar da rasuwar mutum 1,301, galibi saboda tsananin zafi, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin aikin hajji. A irin waɗannan lokuta akan ji wasu suna cewa duk wanda ya nemi ba'asi yana ja da ƙaddara.

Gaskiya ne mutuwa cikin harami tana da daraja. Wani mutum ya faɗo daga raƙumarsa a Arfa a Hajjin Bankwana ya rasu, Manzo ya yi umarni a binne shi da tufafin haraminsa, ya ce za a tashe shi yana talbiyya. Amma wannan daraja ta mamaci ce, ba ta wanke sakacin mai rai. Tambayar wa ya tsara hanya, wa ya karɓi kuɗin alhaji ya bar shi babu tanti, tambaya ce ga mutane waɗanda ayar Anbiya kanta ta ce ana tuhumarsu. Lokacin da Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya amsa cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata. Haka nan ya kamata a bambance hukuncin da nassi ya yanke da fahimtar malami. Malikiyya suna ganin rukunin tsayuwar Arfa shi ne kasancewa a wurin wani yanki na dare bayan faɗuwar rana, sauran mazhabobi kuwa suna ganin tsayuwar rana ta wadatar, suna kafa hujja da hadisin Urwatu. Wanda ya tambayi hujjar ɗayan ɓangarorin ba da Allah yake ja ba.

7.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa tambayar neman hukunci wajiba ce, ta neman hikima halal ce matuƙar ba a mayar da samun amsa sharaɗin biyayya ba, ta neman natsuwa kuwa hali ne da aka gani ga annabawa da sahabbai. Wadda ke karo da imani ita ce ta ƙin yarda, kuma ana gane ta da cewa mai ita ba ya jiran amsa, ba ya kuma sauya matsayi idan ta zo. Tun da manufa a zuciya take, malami ba shi da ikon yanke hukunci daga jin lafazi kawai. Abin da ya hau kansa shi ne ya kyautata zato, ya amsa abin da ya sani, ya ce "Allah ne mafi sani" a inda iliminsa ya tsaya, kamar yadda aka san Imamu Malik da yi.

A ƙarshen huɗubarsa ta Arfa, kamar yadda Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya shaida wa jama'a cewa za a tambaye su game da shi, ya nemi jin abin da za su ce. Suka shaida cewa ya isar da saƙo. Al'ummar da aka shirya ta don amsa irin wannan tambaya tana buƙatar ta san abin da take shaida a kai, kuma sanin ba ya samuwa ga wanda aka hana shi tambaya tun yana yaro.